Bev Francis: Matar da Ta Fi Ƙarfin Alƙalai

Kowane wasa da ɗan Adam ya ƙago yana da ma'aunin da ake raba gardama da shi. A dambe, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko yaro ya san haka. A tsere agogo ne alƙali, a ƙwallon ƙafa kuwa raga ce. To, akwai wani wasa da Turawa suka ƙago wanda ba agogo, ba raga, ba a kuma ka da kowa a cikinsa, watau gasar gina jiki, wadda waɗansu ke kira gasar nuna ƙwanji. Mutum zai shekara yana ɗaga ƙarafa masu nauyi, yana auna abin da zai ci kamar mai shan magani, sa'an nan ranar gasa ya hau dandamali ya murɗa damatsa da ƙirji da gadon baya, alƙalai su dube shi da ido su ce wane ya fi wane. A wajen maza abin da ɗan sauƙi: wanda ya fi tsoka, ya fi ƙarancin kitse, gaɓoɓinsa kuma suka dace da juna, shi ne gwani. A wajen mata kuwa sai aka ƙara wani sharaɗi wanda ba a taɓa samun mai iya fayyace ma'anarsa ba, wai lalle ne mace ta fito da kamannin mace. Wannan sharaɗi ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana wahalar da masu gasar da masu yanke hukunci, kuma cikin dukan matan da suka hau wannan dandamali babu wadda ya gasa wa aya a hannu kamar wata 'yar ƙasar Ostareliya mai suna Bev Francis.

An haife ta a garin Geelong na jihar Victoria a shekarar 1955. Ba da gina jiki ta fara ba. Malamar makaranta ce, kuma 'yar wasan jifa, tana jefa ƙwallon ƙarfe da faifai da mashi, har ta wakilci ƙasarta a wasanni. Wanda ya horar da ita a birnin Melbourne shi ne Franz Stampfl, mutumin da ya taimaki Roger Bannister na Ingila ya yi gudun mil ɗaya cikin ƙasa da minti huɗu a 1954. Mai jifa ba ya rabuwa da ɗaga ƙarfe, domin daga nan ƙarfin hannu ke fitowa, kuma ta wannan hanya ce Bev ta gano cewa Allah ya ba ta abin da bai ba sauran mata ba. Ta shiga wasan gwajin ƙarfi zalla, wanda ake yinsa iri uku: tsugunawa da ƙarfe a kafaɗa, tura ƙarfe daga ƙirji mutum yana kwance a benci, da ɗago shi daga ƙasa. Sau shida a jere tana zama zakarar duniya, daga 1980 zuwa 1985. A 1981 ta kwanta a benci ta tura kilo 150 daga ƙirjinta zuwa sama, nauyin buhun siminti uku ke nan, abin da ba a taɓa rubuta wa wata mace ba kafin ita. A wannan wasa ba ta da abokin gardama, gama ƙarfe ba ya son kai: ko ya tashi ko ya ƙi tashi.

Kafin a ci gaba da labarinta, ya kamata mai karatu ya san asalin ɗayan wasan da ta faɗa cikinsa daga baya. Gasar gina jiki ta maza ta daɗe. Tun 1901 wani Bajamushe, Eugen Sandow, ya shirya babbar gasa a zauren Royal Albert da ke Landan. Mata masu ƙarfi kuwa a wancan zamani wurinsu ɗaya ne, watau dandalin masu wasan ban mamaki da ke yawo gari gari da giwaye da zakoki. A nan ne Katie Sandwina, wadda aka haifa a Vienna a 1884, take ɗaga mijinta sama da kanta jama'a na tafi. Kallon abin al'ajabi ake yi mata, kamar yadda ake taruwa kan mai wasa da kura. A shekarun 1940 aka sami Abbye Stockton a bakin tekun Santa Monica na Kalifoniya, 'yar ƙaramar mace mai ɗaga ƙarfe, wadda ta yi shekara goma tana rubutu a mujallar Strength and Health tana gaya wa mata cewa ƙarfe ba zai mai da su maza ba. Duk da haka, har zuwa farkon shekarun 1970, in an ga mata a wurin gasar gina jiki, to, an kawo su ne su yi gasar kyau a tsakani, don 'yan kallo su huta kafin maza su dawo.

Abin ya sake ne bayan 1972, shekarar da Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fannin wasanni. 'Yan mata suka cika filaye, suka shiga ɗakunan ɗaga ƙarfe. A 1977 wani ma'aikacin ƙungiyar YMCA a garin Canton na jihar Ohio, Henry McGhee, ya shirya gasar da aka duba tsokar mata a cikinta, Gina LaSpina ta ci. A jihar Florida wata uwa mai 'ya'ya, Doris Barrilleaux, ta kafa ƙungiya don wannan wasa. A 1979 Lisa Lyon ta ci wata gasa a Los Angeles, ta shiga gidajen talabijin tana bayyana wa mutane abin da ake nufi da shi. Ran 30 ga watan Agusta 1980 kuma aka yi gasar Ms. Olympia ta farko a birnin Filadalfiya, Rachel McLish 'yar jihar Texas ta ɗauki kambi. A gasannin farko farko har da takalma masu tsini ake sa matan su hau dandamali, ana kuma hana su dunƙule hannu, wai dunƙule hannu na maza ne. Tun ran gini ran zane.

Rachel McLish siririya ce, kyakkyawa, mai dogon gashi, tsokarta kuma ba ta wuce ta 'yar tseren da ta sha horo ba. Irin wannan mace kuwa ita ce daidai bukatar masu wasan. Domin kuwa gasar gina jiki tana da masu ita. 'Yan'uwa biyu ne 'yan Kanada, Joe Weider da Ben Weider, suka kafa ƙungiyar IFBB a 1946. Ben yana riƙe da ƙungiya, Joe yana riƙe da kasuwa, watau mujallu, da ƙarafan motsa jiki, da garin ƙarin kuzari da ake damawa a sha. Gasa ita ce tallar hajarsu. Hoton da zai sa matar gida ta tsaya a kanti ta sayi mujalla shi ake nema, kuma McLish tana sayar da mujalla. Wadda ta ci bayanta a 1981, Kike Elomaa ta ƙasar Finlan, ita ma haka take. Daga baya ma waƙa ta koma, har ta zama 'yar majalisar dokokin ƙasarsu a 2011.

Ana cikin haka sai wani mai shirya fim, George Butler, wanda fim ɗinsa na 1977 ya fito da sunan Arnold Schwarzenegger, ya yi niyyar yin na mata. Ya san fim ba ya daɗi sai da rigima, saboda haka ya aika Ostareliya aka gayyato Bev Francis, aka shirya gasa ta musamman a otal ɗin Caesars Palace na Las Vegas a ƙarshen 1983. Da ta fito dandamali, da faɗin bayanta da kaurin cinyoyinta, sai zaure ya ruɗe. Ba a taɓa ganin irinta ba. In da tsoka ake aunawa, babu ta biyunta ko kusa. A cikin fim ɗin, wanda aka saki a 1985 da sunan Pumping Iron II, an nuna alƙalai zaune suna ta kai da kawowa kan abin da ake nufi da kamannin mace, dattawa da kwat da laktaye, ba wanda ya iya ba da amsar da ɗan'uwansa zai yarda da ita. Da aka ƙirga maki, Carla Dunlap ta zo ta ɗaya, McLish ta uku, Bev Francis ta takwas cikin mata 15.

Wata da ta tattara kayanta ta koma wasan da take sarauniya a cikinsa. Bev ta zauna a Amurka, ta ce tun da an ce tsokarta ta yi yawa, za ta rage. Wannan kuwa aiki ne mai ciwo ga wanda ya san wahalar tara tsoka, kamar a ce wa manomi ya ƙone rabin rumbunsa don maƙwabta sun ce ya yi girma. Ta yi shekaru tana sassaƙe jikinta, ta matse ƙugu, ta bar gashi ya yi tsawo, ta koyi tafiya da juyi irin na masu rawa. A gasar Ms. Olympia ta 1986 ta zo ta goma. A 1987 ta ci gasar duniya ta ƙwararru a Toronto, sa'an nan ta zo ta uku a Ms. Olympia sau uku a jere, a zamanin da Cory Everson take riƙe da kambin, wadda ta ci sau shida daga 1984 zuwa 1989 ta kuma yi murabus ba a ka da ita ba. Da Everson ta sauka sai kowa ya ce to, bana ta Bev ce. Ashe kafin ta gama rage jikinta ma'aunin ya riga ya gusa. A 1990 wata sabuwar yarinya daga Detroit, Lenda Murray, ta fito da kafaɗu masu faɗi da tsoka cike, alƙalai suka ba ta, Bev ta zo ta biyu. Matar da aka kayar a 1983 don ta cika tsoka, ga shi an kayar da ita a 1990 a hannun wadda ta fi ta cika ido.

Sai ta ce to, a yi ta ta ƙare. A 1991 a Los Angeles ta dawo da jikin da ya fi na kowace shekara girma da tauri. Yadda ake ƙirga makin shi ne kowane alƙali ya jera masu gasa daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe a kowane zagaye, a tara, mai mafi ƙarancin adadi ita ta ci. Bayan zagayen farko na duba jiki Bev ce a gaba. A daren ƙarshe, wanda gidan talabijin na ESPN ya nuna wa Amurka, sai maki ya juya, Lenda Murray ta ci da ratar maki ɗaya tak. Bev ba ta sake shiga gasa ba.

Har yau masu bin wannan wasa suna muhawara kan wannan dare. Gaskiyar magana ita ce Lenda Murray ba ta saci kome ba. Ƙirar jikinta, daga kafaɗa zuwa ƙugu zuwa cinya, tana cikin mafi dacewa da aka taɓa gani, kuma sau takwas ta ci wannan kambi a rayuwarta. Laifin yana ga masu riƙe da mudu. Wanda ya je kasuwa ya tarar kullum ana sake girman mudun bayan ya riga ya zuba hatsinsa, ba zai ce ciniki ake yi ba. Abin da ya biyo baya kuma ya ƙarfafa zargin masu zargi, gama da shigowar 1992 sai ƙungiyar ta umarci alƙalai su daina fifita masu girman jiki. A gasar Ms. International ta wannan shekara aka ba Anja Schreiner ta Jamus, aka jefa Paula Bircumshaw ta Ingila, wadda ta fi ta tsoka nesa ba kusa ba, can ta takwas, 'yan kallo suka yi ta ihu a zaure.

A nan dole a faɗi abin da masu wasan ba su cika son a faɗa ba. Jikin mace ba ya samar da sinadarin da ke kumbura tsoka, watau testostiron, sai ɗan kaɗan in an gwada da na namiji. Akwai iyakar da horo da abinci za su kai mace, ko da an haife ta da baiwa. Abin da ke tsallake da mutum wannan iyaka shi ne ƙwayoyi da alluran sitiroyid, waɗanda aka ƙera su yi aikin wancan sinadari. Ba wanda zai iya nuna wata mace ɗaya da yatsa ba tare da shaida ba, amma ba mai musun cewa waɗannan magunguna sun shiga wasan tun shekarun 1980, a wajen maza da mata duka. Ga mace kuwa kuɗin da take biya ya fi tsada: murya ta yi kauri, gashi ya fito a haɓa, al'ada ta ɗauke, hanta da zuciya su raunana, waɗansu daga cikin waɗannan kuma ba sa komawa ko an daina. An gwada awon fitsari na ɗan lokaci. Aka kama Tonya Knight da laifin aika wata ta ba da fitsari a madadinta, aka ƙwace kambin Ms. International da ta ci a 1989. Daga baya awon ya zama sai ka ce babu. Ga kuma azabar makonnin ƙarshe, inda ake yanke abinci, a yanke ruwa, waɗansu har su sha maganin sa fitsari don fata ta manne da tsoka, abin da ya yi ajalin masu gasa fiye da ɗaya. Jaridar Washington Post ta yi dogon bincike kan wannan a 2022. Saboda haka masu cewa a rage girma don lafiya suna da hujja. Abin tambaya shi ne me ya sa hujjar ba ta taɓa hawa kan maza ba, alhali su ne suka fi kumbura, su ne kuma aka fi binnewa da ƙuruciya.

A watan Disamba 2004 ƙungiyar ta fitar da wata takarda wadda ta zama abin ba'a, tana neman mata su rage tsokarsu da kashi 20 cikin 100, wai don kyan gani da lafiya. Ba a faɗi da wane sikeli za a auna ba. Hanyar da ta fi yi wa masu kasuwa aiki ita ce buɗe waɗansu rukunoni a gefe. A 1995 aka kawo rukunin Fitness mai haɗe da tsalle-tsalle da juyi, a 2003 aka kawo Figure, a 2010 Bikini, a 2013 Physique, kowanne da iyakar tsokar da ba a so a wuce, yawancinsu kuma da takalman nan masu tsini da aka yar tun farko. 'Yan mata suka kwarara can, domin can ne kuɗin talla yake, can ne kuma ake iya kaiwa ba tare da an sayar da lafiya duka ba. Masu gina jiki na ainihi aka bar su kamar tsohuwar kasuwa bayan an buɗe sabuwa.

Abin tausayi, a daidai wannan lokaci ne wasan ya sami gwanar da ba a taɓa yin irinta ba. Iris Kyle, ita ma 'yar jihar Michigan kamar Lenda Murray, ta ci Ms. Olympia a 2004, sa'an nan ta ci sau tara a jere daga 2006 zuwa 2014, goma ke nan. Manyan zakarun maza, Lee Haney da Ronnie Coleman, takwas takwas suka tsaya. Duk da haka mujallun gidan Weider ba su cika sa hotonta a bango ba, kuma abin da ake raba wa matan gasar gaba ɗaya bai kai abin da namiji ɗaya ke tafiya da shi ba. An soke gasar Ms. International bayan ta 2013. Kyle ta yi sallama a 2014, a shekara mai zuwa kuma aka cire Ms. Olympia daga jerin wasanni, shiru, kamar an ɗauke tabarma bayan baƙo ya tashi.

Wani attajiri mai sha'awar wasan, Jake Wood, shi ya riƙe shi da gasar Rising Phoenix daga 2015, da ya sayi Olympia ɗungum a 2020 kuma ya dawo da ta mata. Andrea Shaw, wata 'yar Detroit ɗin, ta ci a wannan shekara, ta kuma ci gaba da ci sau biyar a jere har 2024. Ita aka ba ta dala 50,000 a 2020. Mamdouh Elssbiay na ƙasar Masar, wanda ya ci ta maza, dala 400,000.

Mai karatu yana iya ƙin wannan wasa, da shigarsa da magungunansa, kuma ba za a ce bai da dalili ba. Sai dai abin da ya bari ya fi dandamalin faɗi. Lokacin da Abbye Stockton take rubutu, ana tsorata mata cewa ƙarfe zai lalata su. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi, mace ko namiji, ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, likitoci kuma suna ba mata wannan shawara musamman saboda ƙashinsu yana yin rauni bayan al'ada ta tsaya. An shigar da ɗaga nauyi na mata cikin wasannin Olimfik a Sydney a 2000, a ƙasar su Bev, kuma a nan ne Ruth Ogbeifo ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa. A wasannin nakasassu na Paris a 2024, Folashade Oluwafemiayo ta kwanta a benci ta tura kilo 167, irin ɗagawar da Bev ta yi suna da ita, ta kafa tarihin duniya a rukuninta, ba kuwa wanda ya tambaye ta tsawon gashinta.

Ita kuwa Bev Francis, tun tana gasa ta buɗe gidan ɗaga ƙarfe a Long Island na jihar New York tare da Steve Weinberger, mijinta a lokacin. Gidan, wanda ke garin Syosset da sunanta a ƙofa, ya zama matattarar manyan zakaru maza da mata, daga ko'ina ake zuwa a yi horo a cikinsa. A 2000 ƙungiyar IFBB ta sa sunanta cikin jerin gwanayen da take girmamawa. Weinberger kuwa ya shiga alƙalanci, ya yi ta hawa har ya zama shugaban alƙalan gasar Olympia, mai zama a tsakiyar teburi yana kiran lambobin waɗanda za su fito gaba a gwada su.